Turaren Baba Issifu da Iskar Bayan Jirgi

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da na sa hannu a takardar kammala aiki ba, na rubuta cewa injin cika iska na jirgin Dakta Binta ya zauna daidai, a je a yi amfani da shi. Da an bi wannan sa hannun nawa, da ita da 'yarta sun shaƙi guba a ƙarƙashin teku ranar Asabar. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, domin na lura wasunku suna ƙyafta wa juna ido duk sanda na buɗe akwatin kayan aikina suka hango ƙunshin turaren tsinke kusa da sifanu.

Bazarar da ta biyo bayan babbar guguwar nan ce da ta watso jirage kan titunan Staten Island. Garejinmu na jiragen ruwa ya cika maƙil, ko wurin aje ƙafa babu. Tsarin wurin kamar yadda kuka same shi ne: manaja a ofis, foman a ƙarƙashinsa yana rarraba aiki, sai mu makanikai. A ƙa'ida foman ne ke duba aikin kowa kafin a sa hannu. A wannan shekarar aiki ya sha masa kai, sai ya fara barin wasunmu mu duba namu da kanmu. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Na zo daga Kano da digirina na injiniya, na yi shekara uku ina gyaran mota a Port Richmond ina ganin an raina karatuna, ga shi yanzu a karo na farko an miƙo mini aiki sukutum an ce nawa ne.

Bari in yi bayanin aikin saboda waɗanda ba su san shi ba. Mai nutso yana goya tukunyar ƙarfe a bayansa, ya riƙe bakin tiyo da haƙoransa, daga nan yake numfashi a ƙarƙashin ruwa. Iskar da ke cikin tukunyar ba wata ta musamman ba ce, wannan dai da muke shaƙa ce. Kwampireso ne ke zuƙo ta, ya matse ta, ya tace ta, ya ɗura. Ba irin na mai faci ba ne, amma hali ɗaya gare su: abin da ya tarar a bakin tiyonsa shi zai ɗura. A cikin hayaƙin injin fetur kuwa akwai wata guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano. A zurfin mita talatin, kowane numfashi ɗaya mutum yana jan ninki huɗu na abin da zai ja a sama, har da gubar. Kai ya fara sarawa, jiri ya biyo, mutum ya sume, tiyon ya suɓuce daga bakinsa. Saboda haka a aikin nan ɗaure inji da jan waya ba su ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne inda za ka kafa bakin tiyon da ke zuƙo iska.

Mai jirgin, Dakta Binta, 'yar Zariya ce, likitar sa barci a ɗakin tiyata a wani asibiti a Bronx. Ita da 'yarta Amira, wadda ta shiga jami'a a shekarar, suna nutso wurin tsofaffin jiragen da suka nutse a bakin teku. Abin da take so shi ne su riƙa sake cika tukwanensu a can tsakiyar ruwa da janareton jirgi, su yi nutso na biyu ba tare da sun dawo gari ba. Ta ce mini azumi na kamawa mako mai zuwa, wannan Asabar ce ta rage musu. Alhamis kuma ranar hutun ƙasa ce, ita kuwa tana so ta karɓi jirginta kafin hutun. Ke nan Laraba ce iyakata.

A garejin akwai wani dattijo, Baba Issifu, ɗan zangon Takoradi a Gana. Ya haura sittin, gajere, kafaɗunsa kamar na mai dako. A Park Hill muke zaune mu biyu, bas ɗaya muke shiga da safe. Shekara ashirin ya yi a tashar jiragen ruwa ta garinsu kafin ya zo nan, kuma ban taɓa ganin ya buɗe littafin kamfani mai bayanin inji ba. Hausarsa irin ta zango ce, ba mace ba namiji, kowa “ka” ne. Hannunsa a kan inji abin kallo ne, wannan ko a lokacin ban musa ba. Abin da ya hana ni girmama shi yadda ya kamata wata ɗabi'a ce tasa. Duk jirgin da ya taɓa wa janareto ko salansa, sai ya fita da shi ruwa, ya kunna turaren tsinke, ya bi jirgin lungu-lungu yana kallon hayaƙin. In ka tambaye shi sai ya ce, “Kowane jirgi da iskan shi.”

Wata safiya a bas na daure na tambaye shi dalili. Ya daɗe yana kallon taga, sannan ya ce, “Iska ya kashe ƙanena Seidu a Takoradi. Mutane sun ce ruwa ne. Ba ruwa ba ne, iska ne.”

Na ce Allah ya jiƙansa. To, ku Hausawa ne, kun san abin da kunnen mutumin Kano ke ji idan tsoho ya haɗa iska da turare da mutuwa a cikin ruwa. Na yanke hukunci nan take: Baba yana turara jirage ne don korar iskoki. Takaici ya kama ni, mutum da salla biyar a jam'i amma yana camfi a ƙasar Turawa, a gabansu. Daga ranar, a bayan idonsa, na laƙaba masa suna Boka. Har a ƙofar masallaci na ba abokaina labari muka yi dariya. Ban sake tambayarsa komai ba, tunda a ganina na riga na gane.

Aikin Dakta kuwa na yi shi da dukkan zuciyata. Na ɗaure kwampireson a wani ɗaki na ajiya da ke ƙarƙashin dandamalin baya, na sa masa robobi a ƙafa don kada girgiza ta tsaga katako. Na ja waya mai kauri daga allon wuta, na ba shi makunninsa shi kaɗai. Na buɗe masa hanyar shan iska don kada ya yi zafi. Tiyon zuƙo iska kuma na bi da shi ta jikin ƙarfen rumfa, na kafa bakinsa can sama a ƙarƙashin rumfar ta baya. Salansar janareto tana ƙasa kusa da ruwa ta hannun dama, ni na kai nawa sama ta hannun hagu. Littafin kamfani ya ce nesa da hayaƙi, ya ce sama da shi, na ba shi duka biyun har da ƙari. Ranar Laraba da hantsi na jona jirgin da wutar gari a bakin gadar da ake ɗaure jirage, na kunna inji, na kara mitar auna guba a bakin tiyo. Ba ta motsa ba. Na cika tukwane huɗu, na auna su, fes. Na sa hannu na kai wa manaja takarda.

Bayan azahar Dakta ta iso. Ina cikin nuna mata makunnai sai ga Baba Issifu yana goge hannu da tsumma. Ba aikinsa ba ne, ba wanda ya kira shi. Ya gaishe ta, ya ɗaga kai ya dubi bakin tiyon, ya dubi rumfar, ya leƙa salansa.

“Injiniya, ka gama?”

“Na gama, Baba.”

“Ka fita da shi?”

“In fita da shi ina? Ga mita nan, na auna, babu komai.”

“Jirgin nan yana da iska a baya,” in ji shi. “Mugun iska. Ban yarda da shi ba.”

Na hango tsinkayen turare a aljihun rigarsa, kunya ta rufe ni. A gaban likita, mai ilimi, za a zubar mana da mutunci. Na rage murya na ce mata da Turanci ta yi haƙuri, tsoho ne, al'adarsu ce ta can. Ta dube ni, ta juya wurinsa da Hausa.

“Baba, me kake so a yi?”

“Dokta, ka ba ni awa ɗaya. Mu fita, mu jefa anga, mu kunna janareto. In babu komai, ka tafi da jirginka.”

Manaja ya fito daga ofis da takardata a hannu, ya ce an riga an sa hannu, ga jirage a layi, gobe kuma babu aiki. Baba bai yi gardama ba, bai kuma matsa daga inda yake ba. Ya ce awar da za a ɓata shi zai rama ta gobe a ranar hutunsa. Dakta ce ta raba gardamar. Ta ce jirgin nata ne, huhun ma nata ne, ita za ta tuƙa.

Muka fita mu uku, ni ina cika ina batsewa. Rana ce mai kyau, iska kaɗan-kaɗan. Da muka yi nisa da gada ta jefa anga, ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya. Jirgin ya ja igiya, ya juya a hankali har goshinsa ya fuskanci inda iska ke fitowa. Haka kowane jirgi ke yi a kan anga, na sani sarai, amma ban taɓa haɗa wannan da aikina ba.

Baba ya fara buɗe ɗakin inji ya sansana ko akwai warin fetur, ya kunna fanka ta ɗan yi aiki, domin ba a wasa da wuta a jirgin fetur. Sannan ya sauka kan matakalar da ke can baya a fili, ya haɗa tsinke biyar, ya yi bisimilla, ya ƙyasta ashana. Na kau da kai ina istigfari a raina.

“Injiniya, kunna janareto. Kada ka taɓa kwampireso. Zo ka tsaya nan.”

Na kunna na zo. Ya tsuguna ya riƙe turaren dab da bakin salansa.

“Duba.”

Iska daga gaba take busowa, saboda haka hayaƙin ya kamata ya bi bayan jirgi ya tafi teku. Ya fara tafiya haka ɗin, kamar taku biyu. Sai ya tsaya. Ya lanƙwaso sama, ya juyo, ya haura bangon baya, ya ratso dandamali ya tsallaka daga dama zuwa hagu, ya shige ƙarƙashin rumfa ya taru a can. Wani siririn zare daga cikinsa ya je ya naɗe bakin tiyona. Ƙamshin ya cika wurin da muke tsaye.

“Ɗakin jirgi ya tare iska a gaba,” in ji Baba. “Bayan shi ya zama rami. Iska yana zagayowa ya cika ramin, ya kwaso duk abin da ya samu a baya. Hayaƙin janareto ba ka gani. Wannan kana gani. Hanyan su ɗaya.”

Na ɗauko mitar da hannuna na kai ta bakin tiyo. Lambobi suka fara hawa, kafin in ja numfashi uku ta fara kuka. Mitar da na yi tinƙaho da ita da hantsi ce, ba wata ba. Da hantsi janareto a kashe yake, wutar gari na jona, jirgin kuma a ɗaure yake a gada. Na gwada injin a wurin da ba za a taɓa amfani da shi ba. Kuma matatar da ta zo da shi irin wadda ake haɗa wa inji mai lantarki ce, ba a yi ta don tare wannan gubar ba, tunda masu yin ta ba su san za a kunna injin fetur kusa da ita ba. Tukwane huɗun da na cika lafiyarsu ƙalau. Na nutso na biyu, waɗanda za a cika ranar Asabar a kan anga, su ne za su tafi da mutum biyu ƙasa.

Na zauna a kan akwatin ƙanƙara. Tsoro na ji, tsoro na gaske. Dakta ta kashe janareto da kanta. Ta tsaya tana kallon hayaƙin turaren yana ci gaba da zagayensa.

“Amira takan riga ni sauka,” ta ce a hankali. Can ta ƙara da cewa, “Aikina ke nan kullum, Malam Nasiru, iskar da mutum ke shaƙa a lokacin da ba zai iya cewa ba ta da kyau ba. Ni ma da idona na ga inda ka sa tiyon, na ce ya yi.”

Ba ta faɗi haka don ta wanke ni ba, kuma ban wanku ba. Baba ya tsoma turaren a ruwa, ya zauna kusa da ni. A nan ya ƙarasa mini labarin da ya fara a bas, wanda da na ƙara tambaya ɗaya tak da na ji shi tun watanni. Seidu mai nutso ne, yana kankare gindin manyan jirage a tasha. Daga kwalekwale ake tura masa iska ta dogon tiyo, da kwampireso mai injin fetur. Baba ne ke riƙe da injin a ranar. Iska ta juya, hayaƙi ya koma bakin tiyo, babu wanda ya gani, babu wanda ya ji wari. Da igiya ta daina motsi suka jawo shi.

“Ni na ba shi iskan,” in ji Baba. “Ba mu da mita a lokacin. Na ce daga yau sai na ga hanyan iska da idona. Na gwada sigari, ni ba na sha. Na gwada tsumma, yana tartsatsi. Turare ne ya yi, kuma ko'ina akwai shi.”

Na ce, “Baba, ka yafe mini. Ni na ɗauka iskoki kake kora. Har suna na sa maka.”

“Boka,” in ji shi. “Na sani. Park Hill ƙarami ne.”

Ya yi dariya har da tari, Dakta ma ta kasa riƙe tata. Ni dai ban iya ba.

“Ku mutanen Kano, Hausa ya yi muku yawa,” ya ce. “Kalma ɗaya, ma'ana goma. Mu a zango iska iska ne.”

Da muka dawo na shiga ofis na karɓi takardata, na soke sa hannuna a gaban manaja, na rubuta dalili a ƙasa. Washegari, ranar hutu, gareji ba kowa sai ni da Baba. Muka cire tiyon, muka sa mai faɗi tunda tafiyar ta ƙaru, muka bi da shi ta cikin jirgi har gaba, muka fito da bakinsa a saman rufi ta goshi, inda iska ke fara isowa. Na canja matata na sa mai tare gubar, na haɗa mita ta dindindin mai ƙara. Ranar Juma'a da safe muka sake fita da Dakta, muka jefa anga, muka kunna komai. Wannan karon ni na riƙe turaren. Hayaƙin ya yi zagayensa a baya kamar ranar Laraba, bai kusanci gaba ba. Muka cika tukunya a wurin, muka auna, muka ɗebi samfur na aika ɗakin gwaji. Sannan na sa hannu, na roƙi Baba ya sa nasa a ƙasan nawa. Ya ce shi ba injiniya ba ne. Na ce shi ya sa.

Ranar Asabar da la'asar Dakta ta turo mini hoto, ita da Amira a kan dandamali, gashin yarinyar a jiƙe, tukwane a gefensu. Na kai wa Baba har gida na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, “Alhamdu lillahi,” ya miƙo mini waya, ya tambaye ni ko an ce ga ranar da za a duba wata.

Na yi aiki da masu takardu da yawa a garin nan, wasunsu gwanaye ne na gaske, amma ban ga wanda ya kai mutumin nan ba. Aikin ba nasa ba ne, sunansa ba ya kan takarda, ya san sunan da nake kiransa da shi, ya san zan ji haushi. Da ya wuce abinsa ba wanda zai ce ya yi laifi. Ya zo ya tsaya a gaban manaja da likita da ni, da turarensa a aljihu, saboda mutum biyu, ɗaya bai taɓa gani ba sai ranar, ɗayar kuwa ko ganinta bai yi ba. Bayan shekara uku ya aje aiki ya koma Takoradi. Ranar da zai tafi ya ba ni ragowar ƙunshinsa.

Abin da na koya a aikin nan ke nan. Littafi yana gaya maka yadda inji yake, ba ya gaya maka yadda wannan jirgin yake, a kan anga, a ranar da za a yi amfani da shi. A can za ka gwada, ba a bakin gada ba. Kuma idan wanda ya riga ka a aiki yana yin wani abu da ya yi maka kama da shirme, ka tambaye shi har sau biyu kafin ka sa masa suna, domin sau da yawa akwai wanda aka binne a bayan wannan ɗabi'ar. Ni yanzu nake foman a garejin nan, muna da mitoci iri-iri, kuma ina so ku yi amfani da su duka. Amma mita tana gaya maka guba ta iso ne kawai, ba ta nuna maka hanyar da ta biyo. Don haka duk wanda ya kawo mini takardar kwampireso ko ta janareto in sa hannu, tambayar da zan yi masa ita ce wadda aka yi mini: ka fita da shi? In bai fita ba, ga akwatina nan a buɗe, ya ɗauki tsinke biyar da ashana. Kowane jirgi da iskan shi.